Gidan da Inna Ta Haddace

Shekara goma sha ɗaya ke nan da idon Inna ya rufe, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa riƙe sanda a cikin gidanta ba. Da safe za ta fito daga ɗaki da butarta, ta ratsa tsakar gida, ta kauce wa durom ɗin ruwa, ta shiga bayi ta fito, ta dawo kan tabarmarta ta zauna. Baƙo sai ya yi rabin awa yana hira da ita kafin ya gane ba ta ganinsa. In ka ce bari ka riƙe mata hannu kuwa, ranar za ka ji tarihin kakanka.

Ɗanta na fari magini ne. Duk unguwa Birkila ake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fara ɗaukar kwanon yashi a ka, yanzu furfura ta cinye masa gemu, siminti kuma ya cinye masa zanen yatsu, har ranar da aka zo ɗaukar hoton yatsa na katin shaida na'urar ta ƙi gane shi. Abu ɗaya aka san shi da shi: bangonsa ba ya karkacewa. Ya sha rushe aikin yini guda saboda igiya ta nuna masa kuskuren da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Mai gida yana ihu, leburori suna ƙunƙuni, shi kuwa yana cire bulo ɗaya bayan ɗaya kamar ba da shi ake ba.

Abin dariyar, babu gida karkatacce a layin irin nasa. Ubansa tela ne, shi ya gina shi da hannunsa, ɗaki ɗaya bana, rabin katanga baɗi. Bangon ɗakin Inna ya yi ciki ya turo waje. Daɓen tsakar gida ya lotsa a tsakiya. Ƙofar bayi sai ka ɗan ɗaga ta kafin ta buɗe, kuma tana jan ƙasa da wani irin kuka. Abokan aikinsa in sun zo sai sun tsokane shi.

"Birkila, a nan kake kwana? Ba ka jin jiri?"

Ya fi sau ashirin yana shigowa da buhun siminti da niyyar gyara. Inna daga jin an sauke buhu za ta ce, "Kai mai gini, je ka gyara na mutane. Nawa lafiyarsa ƙalau."

To, unguwar a kwari take. Duk damina ruwan rabin gari nan yake sauka. Mutane sun saba ɗora katifa a kan tebur, sun saba kwashe ruwa da bokiti. Shekara biyu da suka wuce ruwa ya tafi da 'yar mai shagon bakin layi, yarinya 'yar shekara biyar, sai washegari aka same ta can ƙasa a cikin shara. Birkila yana cikin waɗanda suka ɗauko ta. Yana kuma cikin mutum shida da suka kai takardar koke ofishin hukuma, suna roƙon a yi musu babbar magudanar ruwa. Sau tara suna zuwa. Shi ne ma ya fi kowa ɗaga murya, don shi ya san abin da ake cewa magudana.

Sai aka amsa musu. Wata Talata ya dawo daga aiki ya tarar da jan fenti a bangon gidansa, an ja gicciye, an rubuta lamba sha bakwai a ƙasa. Gida talatin da ɗaya aka shafa wa.

Washegari ya ɗauko dogon tiyon nan nasa mai ruwa a ciki, wanda yake gwada tudu da gangare da shi, ya bi layin tun daga sama har ƙasa, yana durƙusawa yana sa alama da alli. Yana fatan ya kama su da kuskure. Wajen azahar ya miƙe ya naɗe tiyonsa. Ruwa ta tsakar gidansa yake son bi, ta kan lotsawar nan daidai.

Injiniyan aikin, wani saurayi mai hular kwano da bai kai sa'an ƙaninsa ba, yana tsaye yana kallonsa tun ɗazu.

"Baba, ka gwada?"

"Na gwada."

"Ya ka gani?"

"Layinka daidai ne."

"Wallahi na so in kauce. In na matsa gabas, gida hamsin zan ci, kuma ruwan ba zai bi ba."

"Na ce maka daidai ne, yaro. Ba sai ka ba ni haƙuri ba."

Maƙwabta suka yi taro a ƙofar gidan mai walda, za su ɗauki lauya. Wani ya ce takardarsa ta mallaka ta girmi injiniyan. Wani ya ce doka ta ba hukuma ikon karɓar fili in don amfanin jama'a ne, iyaka dai a biya diyya. Mai walda ya ce to shi ba jama'a ba ne? Aka juyo wajen Birkila, tunda shi ya san aikin, ya faɗa wa kotu layin bai yi ba. Ya ce ba zai iya ba. Aka ce an saye shi. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa sallamarsa.

Ranar ƙidayar gidajen da za a rushe, wata jami'a ta zo da fom da ɗan allo. Ɗaki nawa, bulo ne ko ƙasa, rufin kwano ne ko me, akwai bishiya, akwai rijiya. Ta tsayar da shi a ƙofar gida riƙe da allo mai lamba sha bakwai, aka ɗauke shi hoto kamar wanda aka kama da kayan sata. Da za ta tafi ya bi ta waje, ya rage murya.

"Malama, akwai abin da ba ki rubuta ba. Mahaifiyata ba ta gani. Gidan nan kaɗai ta sani. A cikinsa ba ta buƙatar kowa, in ta fita daga cikinsa ko taku uku ba za ta iya ba."

Matar ta juya fom ɗin gaba da baya, da gaske take dubawa.

"Baba, babu gurbin wannan."

"To a ina ake rubuta shi?"

"Zan iya sa shi a ƙasa, wajen ƙarin bayani. Amma gaskiya ba a biyan ƙarin bayani."

Ta rubuta. Layi ɗaya ne da rabi. Ta ce kwana casa'in suke da shi, kuma an ware musu filaye a bayan gari.

Kwana huɗu yana shiga ɗakin Inna yana fita bai iya faɗa ba. Rana ta biyar ita ta tare shi.

"Zauna. Fentin da aka shafa mana, na kwalliya ne?"

"Wa ya gaya miki, Inna?"

"Hancina aka rufe ko idona? Kwana nawa suka ba mu?"

Ya faɗa mata. Ta murza bakin zanenta. Ba ta yi maganar mijinta da ya gina gidan ba, ba ta yi maganar 'ya'ya bakwai da ta haifa a ɗakin ba.

"Yarinyar nan da ruwa ya ci, uwarta har yanzu ba ta dawo daidai ba. Su yi magudanarsu. Ni abu ɗaya nake tsoro. Kada in zama tsohuwar da sai an ja ta zuwa bayi, a tsaya mata a bakin ƙofa ana jira ta gama. In ta kai haka, gara a bar ni a nan katafila ta haɗa da ni."

"Ba za ta kai haka ba. Gidan nan zan gina miki a can, shi ɗin dai. Ba za ki san an tashi ba."

"Kai ɗin?"

"Inna, shekara talatin da biyar ina gini."

"Shi ne abin da nake tsoro," in ji ta. Ya ɗauka wasa take.

Kwana uku ya yi yana awo. Daga ƙofar ɗakinta zuwa bayi, daga bayi zuwa durom, faɗin kowace ƙofa, tsayin kowane dokin ƙofa, inda ƙusar rataye buta take. Ya zana komai a bayan takardar buhun siminti, ya naɗe ya sa a aljihun gaba. Matarsa ta ce ko takardar aurensu bai adana haka ba.

Filin da aka ba su fili ne fetal, babu bishiya, babu maƙwabci sai turakun siminti masu lamba. Ya ajiye duk wani aiki ya tare a can. Kuma maganar gaskiya, bai taɓa yin gini irin wannan ba. Awon bai kauce ba ko da ƙwayar shinkafa. Ɗakin Inna a inda yake, bayi a inda yake, ƙusa a inda take. Sai dai hannunsa bai iya yin abin da bai saba ba. Da ya zo bangon ɗakinta ya ja igiya ya miƙe shi sak. Da ya zo daɓe ya shafe shi sumul, da ɗan gangare kaɗan yadda ruwa zai fita da kansa. Ya sa sabuwar ƙofar bayi wadda ko yaro ya taɓa da yatsa za ta buɗe, ba ƙara. Tsohuwar ƙofar kuwa ya bar ta can don masu sayen itace. A ransa kyauta yake yi wa uwarsa. Shekara talatin da biyar yana jiran ranar da zai zaunar da ita a gidan da babu abin kunya a cikinsa.

Suka tashi ranar kwana na tamanin da takwas. Kwana biyu bayan nan katafila ta shiga layin. Ya je ya tsaya daga nesa. Gidan tela bai ɗauki minti ashirin ba.

Safiyar farko a sabon gida, Birkila yana tsaye a bakin ɗakinsa ya harɗe hannu, yana jira ya gani. Inna ta fito da butarta. Ta ɗora tafin hannu a bango, ta shafa, ta sake shafawa. Ta cire hannun. Ta yi taku huɗu, biyar, ta tsaya. Ƙafarta ta dama tana lalube a ƙasa, gaba, gefe, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Ta ƙara gaba. Ta wuce inda ya kamata ta karkata, ta tafi kai tsaye, kafin ya kai gare ta goshinta ya daki bakin durom. Buta ta yi gefe. Inna ta zauna daɓas a tsakiyar sabon daɓe, jini yana bin girarta.

"Ina ne nan?" ta ce. Ba da ƙarfi ba.

"Gida ne, Inna. Taku tara ne zuwa bayi, kamar can. Na auna."

"Taku tara? Ni na taɓa ƙirga taku?"

Matarsa ce ta wanke ciwon ta sa mata magani, ita ce kuma ta riƙe hannunta ta kai ta bayi, ta tsaya a bakin ƙofa. Da suka dawo Inna ta shige ɗaki ta juya fuska bango.

Sati guda bai fahimci abin da ke faruwa ba. Yana ganin za ta saba. Matarsa ce ta tare shi a zaure yana shirin fita.

"Birkila, ka lura Inna ta daina shan ruwa?"

"Kamar ya?"

"Kofin da na ajiye mata da safe, shi nake ɗauka da yamma. Abinci ma loma uku. Don kada ta buƙaci fita ne. Na ce bari in ɗaura mata igiya daga ƙofarta zuwa bayi ta riƙa bi, ta ce ita ba akuya ba ce. Leɓenta duk ya tsage. Kai kana can kana nuna wa mutane bango."

Ya ajiye jakar kayan aikinsa ya shiga ɗakin. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, me na ɓata?"

"Ba ka ɓata komai ba. Gyarawa ka yi."

Sai ta fara lissafa masa, a hankali, kamar mai karanta wa yaro hanya. In ta fito, hannunta yana bin bango har inda ya yi ciki, nan take sakinsa. Daga nan ƙasa tana ɗan sauka, in diddigenta ya faɗa lotsawar sai ta karkata hagu. Akwai inda daɓe ya fashe, yana da kaushi, nan ne durom yake kusa. Sannan wata tsakuwa da ta leƙo daga siminti, tana taka ta da babban yatsa, daga ita sai ƙofa. Ƙofar kuma in wani yana ciki ta sani, don ta ji kukanta tun daga ɗaki.

"Ubanka bai iya gini ba, Allah ya jiƙansa. Amma duk inda ya yi kuskure, nan nake gani. Kai ka kawo ni inda ko'ina ɗaya ne. Kamar a kan faranti nake tafiya."

Ya zaro takardar buhun siminti daga aljihu ya buɗe. Lambobi sun fi ɗari. Babu lotsawa a ciki, babu tsakuwa, babu cikin bango. Ya auna gidan kaf, ya tsallake duk abin da yake jin kunyarsa. Ya tuna jami'ar nan tana juya fom.

Ranar ya hau mota ya koma tsohuwar unguwa, ko zai samu wani abu da ya rage ya gwada zurfinsa. Rami ya tarar, ya fi tsayin mutum biyu, an jera rodi ana zuba kankare. Ya kasa gane ma inda ƙofarsu take. Injiniya ya hango shi ya taho da fara'a.

"Baba, kai nake nema. Bangon gefen nan yaran sun karkatar min da shi. Ko za ka karɓi aikin?"

"Ba ka ga wata tsohuwar ƙofa ba? Ko ɓallin daɓe?"

"An kwashe komai tun wancan satin. Wani abu ka manta a ciki?"

"E," ya ce, ya juya.

Washegari sababbin maƙwabta suka ji ƙarar guduma. Suka leƙo suka ga Birkila a durƙushe yana fasa daɓen da bai yi wata ɗaya ba. Inna tana zaune a kan kujera a gefe, ba takalmi. In ya fasa ya shafe, sai ya kama ƙafarta ya ɗora.

"Ƙara zurfi."

Ya ƙara.

"Ya yi yawa. Rijiya na ce ka haƙa min?"

Ya cike. Ya kwaɓa siminti ya manna wa bangonsa miƙaƙƙe ƙaton ciki, yana yi yana kau da kai. Ya dasa tsakuwa a bakin bayi. Ya kwance ƙofar ya sake ɗaura ta a karkace don ta ja ƙasa. Ta ja, amma kukan ba irin wancan ba ne. Wani maƙwabci ya tambayi matarsa ko maigidan lafiya. Ta ce lafiyarsa ƙalau, gini yake koyo.

Kwana uku suna haka. Rana ta huɗu da safe Inna ta ce kowa ya matsa. Ta fito da buta. Hannunta ya sami cikin bangon, ta sake shi. Diddigenta ya faɗa lotsawar, ta karkata hagu. Ta yi taku biyu, sai ta tsaya cak. Ta ɗaga fuska tana juya ta a hankali.

A tsohon gida, daidai nan, rana takan taɓa mata kuncin dama, kuma injin mai niƙa yana bugawa ta bayan katanga. A nan hukuma ta ce kowace ƙofa ta kalli titi, don haka gidan ya juya, rana ta bayanta take fitowa. Bayan katanga kuwa babu komai sai iska. Ta daɗe a tsaye. Ta miƙa ƙafa ta janye.

"Inna, saura kaɗan. Ga tsakuwar nan gabanki."

"Na sani. Ƙafata ta ce in tafi, sauran jikina ya ce ba nan ba ne."

"Bari in sake..."

"Ajiye gudumar nan. Ka ɓata aikinka ya isa. Wancan shekara hamsin ya yi yana lalacewa a ƙarƙashin ƙafata, tare muka lalace. Ba za ka yi shi a kwana uku ba." Ta juya wajen da take jin numfashin surukarta. "Ke, ina igiyar taki?"

Matar ta kalli mijinta, ta shiga ɗaki ta ɗauko igiyar shanya. Birkila ne ya buga ƙusoshin, ɗaya a bakin ƙofar Inna, ɗaya a bakin bayi. Ya ja ta ya ɗaure daidai tsayin ƙugunta. Inna ta kama, ta bi ta a hankali har ƙofa, ta ɗaga ƙofar kaɗan kamar yadda ta saba, ta shiga. Da ta dawo ta ce a ba ta ruwa. Ta shanye kofi biyu.

Yanzu haka take rayuwa, daga ɗaki zuwa bayi, daga bayi zuwa ɗaki. Ba ta zuwa wajen durom, ba ta leƙa zaure, ba ta shiga kicin ta ce an cika gishiri. Iyakar igiya, iyakar gidanta.

Birkila ya karɓi aikin bangon magudanar daga baya, don gida sai da abinci. Ya rushe abin da yaran suka yi ya sake ja, ya fito sak. Da aka yi ruwan farko na bana, mai ƙarfi, mutanen tsohuwar unguwa suka yi ta ɗaukar bidiyo suna yaɗawa a waya: ruwa yana gudu a cikin kankare, layi a bushe, yara suna tsalle a bakin shago. Mai shagon da ya rasa 'yarsa ma ya turo masa, da addu'a a ƙasa. Ya kalla sau biyu ya mayar da wayar aljihu.

Da ruwan ya ɗauke ya fito tsakar gida. Ko'ina ya tsane sai lotsawar da ya fasa da hannunsa, ta tara ruwa kamar faranti. Ya ɗauko tsintsiya zai share. Inna tana bakin ƙofarta riƙe da igiya, ta ji ƙarar tsintsiyar.

"Me kake sharewa?"

"Ruwa ne ya kwanta a ramin nan."

"Can ma yana kwanciya," ta ce. "Bar shi."

Ya jingine tsintsiyar a jikin bango.